Raba ɗaki kusa da wurin aiki, ko zama kai kaɗai a bayan gari?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka samu aiki a birnin da rayuwa ta fi tsada a kan inda kake yanzu, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Masauki biyu ne a gabanka: ko ku haɗa kuɗi da wani ku kama ɗaki kusa da wurin aikin, ko ka tafi can bayan gari inda haya take da sauƙi ka zauna kai kaɗai. A ganina, a shekararka ta farko ka zauna kusa, ko da raba ɗakin za ka yi.

Idan kuɗin haya kawai aka ajiye gefe da gefe, ɗakin bayan gari ne zai ja hankalinka, domin ga arha ga sarari. Sai dai mai zama nesa haya biyu yake biya, ɗaya ga mai gida, ɗaya ga masu mota. Ta mai gida a dunƙule take fita, kana gani kana jin zafinta. Kuɗin mota kuwa kullum kaɗan-kaɗan yake zarewa, ba ka ankara sai wata ya raba ka ga aljihu ya yi sauƙi. Haya kuma a tsaye take har wa'adin yarjejeniya ya cika, amma kuɗin mota yana tashi duk ranar da mai ya ƙara tsada, ko ka makara dole ka hau abin hawa mafi sauri. Saboda haka ka ninka kuɗin zuwa da dawowa sau 22, wato kwanakin aiki na wata, ka ɗora a kan hayar wata ɗaya. Wannan jimlar ce za ka kwatanta da rabonka na ɗakin kusa.

Za ka ji ana cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Asalin ma'aunin daga Amurka ne: a 1969 doka ta ƙayyade cewa mazauna gidajen gwamnati ba za su biya fiye da kashi 25 na samunsu ba, a 1981 aka ɗaga zuwa kashi 30. Ma'auni ne mai amfani, amma babu kuɗin mota a cikinsa, kuma bai san girman albashinka ba. Tun 1857 masanin ƙididdiga na Jamus, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abin da iyali ke samu, gwargwadon girman kason da abinci yake ci a ciki. Mai babban albashi idan ya cire kashi 30, sauran ya ishe shi har da ajiya. Kai kuwa abinci kaɗai zai cinye babban yanki na saura. Ni nawa ma'aunin, idan haya da mota a haɗe suka haura rabin albashinka, to masaukin ya fi ƙarfinka, a kusa yake ko a nesa.

Abin da ya fi damuna da zaman nesa shi ne lokaci. A ce tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa, haka kuma dawowa. Awa 3 ke nan a rana, awa 66 a wata, fiye da kwanakin aiki 8 cikakku da ba wanda zai biya ka ladansu. Kai sabon ma'aikaci ne, a watannin farko ido yana kanka, kuma makara saboda cunkoso uzuri ne da shugaba yake karɓa sau ɗaya ko biyu, daga nan ya fara yi maka wani kallo. Wanda ya dawo gida da dare a gajiye ba ya girki, sayen dafaffe yake yi, wannan ma wata kafa ce da kuɗi ke bi. Ba ya karatun ƙarin sana'a, ba ya ɗan aikin gefe, ba ya sanin mutanen da za su nuna masa aikin da ya fi wannan. Alhali abin da ya kai matashi birni mai tsada ke nan tun asali, neman gaba.

Kuɗin da za ka kashe kafin ka tare ma ya fi sauƙi a ɗakin haɗaka. Kuɗin ajiya da ake ba mai gida da na dillali a raba, sau da yawa kuma ka tarar da kayan girki da labule a ciki. Ɗakinka kai kaɗai komai daga aljihunka ne, tun daga katifa.

Inda ɗakin bayan gari ya yi nasara a fili shi ne kwanciyar hankali, kuma ban raina wannan ba ko kaɗan. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abokin zama yana iya zama mai tara baƙi, ko mai raba dare yana waya, ko wanda kullum rabonsa na kuɗin wuta sai an bi shi. Mafi haɗari shi ne batun sunan da ke kan takardar haya. Idan sunansa ne kaɗai, ranar da kuka ɓata kai ne a waje. Idan naka ne kaɗai, ranar da ya tattara kayansa hayar duka ta dawo wuyanka. Ku sa sunayenku biyu in mai gida ya yarda, ku kuma rubuta tsakaninku yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa, da sanarwar wata nawa mai tashi zai bayar. Kada kunya ta hana ka, ko da abokinka ne na yarinta.

Akwai yanayin da zan ce ka tafi nesan. Idan jirgin ƙasa ko bas mai tsayayyen farashi yana zuwa kai tsaye daga can, ko aikinka ya yarda ka yi wasu kwanaki daga gida, lissafin ya sauya. Haka idan ba ka samu wanda ka aminta da halinsa ba, gara wahalar hanya da kwana da fargabar kayanka.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka biya ko sisi ka bi hanyar da kanka a ranar aiki, da safe lokacin da kowa ke fita, ba ranar hutu da titi yake fayau ba. Ka nemi yarjejeniya mafi gajarta da za ka samu, don ba ka san unguwannin ba tukuna. Ka kuma tuna albashin farko sai ƙarshen wata yake zuwa, wani lokaci ma ya ɗan jinkirta, don haka ka iso da abin da zai riƙe ka wata biyu, ban da kuɗin haya. Allah Ya sa ka shiga a sa'a.