HCl ko salfurik: da wanne za a farfaɗo da resin ɗin da ya gaji?

Malam, ka tambaya ko za ka iya farfaɗo da resin ɗinku na Amberlite IR120 (ƙananan ƙwayoyin roba da ke cire kalsiyam da magnesiyam daga ruwa) da asid ɗin salfurik, tunda HCl, wato asid ɗin haidurokulorik, ya ƙare muku a sito. Aikinsu ɗaya ne: su kori kalsiyam da magnesiyam ɗin da resin ya kama, su mayar da haidurojin gurbinsu. Inda suka sha bamban shi ne abin da ke fitowa bayan korar.

Da HCl, kalsiyam kuloraid ake samu, mai narkewa sosai, ya bi ruwa ya fice. Da salfurik kuwa kalsiyam salfet ne, wato jifsam, wanda lita ɗaya ta ruwa ba ta narkar da fiye da giram 2 da 'yan kai. Ragowar sai ta daskare tsakanin ƙwayoyin resin. Za ka ga farin gari ya lulluɓe su, ɗigon da ke fita ta ƙasa yana ja da baya har ya tsaya cak. In ruwan burtsatse kuke tacewa, musamman a ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta Sakkwato, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Masana'antu na amfani da salfurik saboda arha, amma da dabara: su fara da mai rauni, wajen kashi 1 cikin 100, su sake shi da gudu, sai yawancin kalsiyam ya fita sannan su ƙara masa ƙarfi. A ƙaramin kolam na gilashi, wato bututun da ake zuba resin a ciki, wahalar ta fi ribar. Ga shi HCl ya fi cire tsatsar ƙarfe da ke sa resin ya yi duhu. Aibinsa hayaƙi, kuma yana cin ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, don haka a yi aikin a ɗakin da ke zuƙe hayaƙi, da gilashi ko roba.

Ni dai shawarata ka jira HCl. Ka haɗa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ka wuce da ninki uku zuwa biyar na yawan resin ɗin, a hankali. Sannan ka ɗauraye da tataccen ruwa har sai ɗigon silba naitiret ya daina sa ruwan da ke fita fari, alamar ragowar asid ɗin ta fice. In dole ta sa ka bi salfurik, da bariyam kuloraid za ka gwada. Ko da wanne, kada ruwa ya sauka ƙasa da saman resin, domin iska na shiga, asid zai buɗe hanya ɗaya ya bi, ya bar sauran ƙwayoyin bai taɓa su ba. Asid ɗin naitirik kuma kada ya kusanci resin ko da shi kaɗai ya rage a sito, don yana iya jawo fashewa.