Sakkwato zuwa Abuja ko Legas: kafin ka yanki tikiti ka yi wannan lissafin

Daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja, in an miƙe a sama, kusan kilomita 490 ne, jirgi kan ci wajen awa ɗaya ko sama da haka kaɗan. Shi ke nan abin da mutane ke kallo, su ce ai awa ɗaya ce kawai. To ba haka lissafin yake ba malam. Sai ka isa filin jirgi da wuri a auna kaya a duba tikiti, ka zauna jira, in kun sauka ka jira jakarka, sannan filin Abuja ba cikin gari yake ba, akwai wajen kilomita 40 kafin ka shiga tsakiyar birni, in kuma ka faɗa goslon hanyar Lugbe sai haƙuri. Daga ƙofar gida zuwa masauki ka ƙiyasta rabin wuni.

Duk da haka ya fi mota nesa ba kusa ba. Mota kuwa ta Talata Mafara, Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna sannan Abuja, wuni guda ne cur, ka tashi da asuba daga tasha ka isa da duhu jikinka duk ya yi tsami, ga maganar tsaro a hanyar nan da kowa ya sani, ni dai ba na ba kowa shawarar tafiyar dare. Amfaninta arha, kuma buhun albasarka ko kayan fata babu mai ɗora su a kan sikeli ya ce ka biya kuɗin ƙarin kilo.

Inda ake shan wahala shi ne Legas. A miƙe kusan kilomita 730 ne, jirgin da ba ya tsayawa zai yi wajen awa ɗaya da rabi, amma sau da yawa sai an bi ta Abuja. Nan ne za ka buɗe ido: tikiti ɗaya ne har Legas ko biyu ne na kamfani daban-daban? In biyu ne kuma na farko ya yi latti, na biyun ya tashi ya bar ka, babu wanda zai saurare ka. Gara ka bar tazarar awa uku ko huɗu tsakani ko da zaman zai gundure ka.

Sai batun hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko da ƙura, ana iya ɗage tashin jirgi ko a soke shi gaba ɗaya saboda matuƙi ba ya ganin hanyar sauka. In kana da intabiyu ko ganin likita ranar Litinin da safe, ka tafi tun Asabar ko Lahadi. Kuma in na Sakkwato ya cika, ka duba na Birnin Kebbi kafin ka haƙura ka nufi tasha.