Akwatin gwajin ruwa da na saya saboda kududdufin unguwarmu

'Yan uwa masu kiwon kifi a cikin gari, musamman masu jan ruwa daga kududdufi irin mu nan Kano, ga abin da na gani game da akwatin gwajin ruwan nan mai 'yan kwalabe da ake ɗigawa, wanda shagunan abincin kifi ke sayarwa. Nawa yana auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, da amoniya da naitarait, wato gubar da ke samuwa daga kashin kifi da ragowar abinci, da oksijin, mai shagon kuma ya haɗa min da farantin nan mai fentin baƙi da fari da ake kira Secchi, na auna yawan koren ruwa, faɗinsa santimita 20, da igiyarsa mai alamomi.

Gaskiya ya ci kuɗinsa. Koren da muke gani a ruwa ai ba datti ba ne kawai, wasu mitsi-mitsin tsirrai ne da ido baya gani ɗaya-ɗaya, su ake ce wa filankton, akwai kuma 'yan ƙwarin ruwa da ke cinsu, 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa kuma su ci duka biyun. To matsalar namu kududdufan shine duk kwatar unguwa nan take zuba, ruwan omo, ruwan wanke-wanke, kashin dabbobi, wannan kuwa taki ne a wajen filankton ɗin, sai su yi ta hayayyafa har ruwan ya koma kamar miyar kuka. Da rana suna sakin oksijin, da dare kuma su da kifin suke rububinsa, shi ya sa da asuba zaka tarar kifi sun taso sama suna haki.

A nan akwatin ya burge ni wallahi. Ka auna bayan sallar asuba, ka sake aunawa da la'asar, sai ka rantse ba ruwa ɗaya ba ne. Da safe oksijin ya faɗi ƙasa da miligiram 5 a lita da ake so, pH na wajen 7, da yamma kuma pH ɗin ya haura 9, kuma duk sanda pH ya hau amoniyar da ke ruwan tana ƙara dafi, kaga kenan wanda yake gwaji sau ɗaya da rana tsaka rabin labari ya samu. Farantin ma ba wuya, ka zura shi har ya ɓace maka ka duba igiya. Santimita 30 zuwa 45 lafiya lau, in ya ɓace kafin 20 to koren ya yi yawa, ka rage abinci ka tsarma da ruwan rijiya.

Sai inda ya gaza. Katin launin da ake gwada kwalba da shi wahala gare shi in ruwan kore ne shar, launin ruwan yana rikita maka ido, dole sai ka tace da farin ƙyalle mai kauri kafin ka ɗiga maganin amoniya, kuma takardar bayani bata faɗi haka ba, ga ta da Turanci zalla da rubutu ƙanana. Zafi ma yana lalata magungunan, dan Allah ku duba ranar ƙarewar aiki kafin ku biya, kar kuma a ajiye shi a ɗakin kwano.

Babban abin da ya fi damuna shine akwatin baya gaya maka wane irin kore ne. Akwai mai amfani, akwai mugun, irin su Microcystis mai taruwa a sama kamar an zubar da fenti, yana fitar da guba mai lalata hanta kuma tafasawa bata kashe ta. A watan Agustan 2014 sai da aka hana mutanen birnin Toledo na Amurka da kewayensa, wajen 400,000, shan ruwan famfo na kwanaki saboda ta gurɓata ruwan tafkin Erie da suke sha. Mu kuwa yara na wanka a cikin kududdufanmu, awaki na sha, masu lambu na ban ruwan latas da shi. Dabarar da ke ɗan taimakawa, ka cika kwalbar gilashi ka sa a firij ta kwana ba motsi, in koren ya kwanta ƙasa yawanci mai sauƙi ne, in ya taru a sama to ka janye dabbobi da yara, ka kai samfur sashen nazarin halittu na jami'a a duba shi a maikroskof.

Mai tanki ɗaya da ruwan burtsatse zai iya haƙura da sayen akwatin. Amma in daga kududdufi kake jan ruwa ka saya, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku huɗu tunda kwalaben suna jimawa, kuma ka ce lallai sai an haɗa maka da farantin.