Bututun da ya rage mini zaman jiran madara

Duk mai yin yogot na sayarwa ta san wahalar jiran madara ta huce. Ina kai tawa digiri 85, kuma dole ta sauko zuwa 43 ko 45 kafin in zuba iri, wato abin da ke mayar da madara yogot, in ba haka ba zafi ya kashe shi. A watan Afrilu a Kano, tukunya mai lita 20 sai ta cinye mini kusan awa biyu a cikin bahon ruwa, ina sauya ruwan, ina kore ƙuda, yana tana ta taruwa a sama.

Ɗana ne ya zo da maganar. Ya ce, "Umma, na ga wani abu a YouTube, amma kada ki yi faɗa, masu dafa giya ne suke amfani da shi." Na harare shi. Ashe a Amurka, tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu wannan harka suke fama da irin matsalata: ruwan sha'ir da suka tafasa sai ya sauko wajen digiri 20 kafin su zuba yis. Sai su naɗe bututun jan ƙarfe kamar gammo, su tsoma a tukunya, ruwan famfo ya shiga ta baki ɗaya da sanyinsa ya fita ta ɗaya bakin da zafi. Na ce giyarsu tasu ce, bututu kuwa ba ruwansa.

Wurin mai gyaran firij muka samo shi, mita bakwai da rabi, mai kaurin 3/8 na inci. Ya so ya ba mu tsoho a kan araha, na ƙi, domin wanda aka ciro daga na'ura akwai mai a cikinsa. Naɗin ne ya ba mu wuya. Da yaron ya lanƙwasa da gaggawa, bututun ya karye ciki ya toshe, sai da muka yanke kusan kamu ɗaya muka yar. Da muka koma, mai gyaran ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai yashi ake ɗurawa a ciki tukuna." Haka muka yi, muka toshe bakunan, muka naɗe shi a hankali a jikin bokitin fenti. Tiyo biyu da kilif biyu, aiki ya ƙare. A lanƙwaso bakunan su leƙo wajen tukunya su kalli ƙasa, don in mahaɗar ta yi yoyo kada ruwan famfo ya ɗiga cikin madara.

Ranar farko na sha mamaki. Ruwan da ya fara fitowa ba ya taɓuwa, na tare shi a baho na wanke robobi da shi. Cikin minti 20 ma'aunin zafi ya nuna 45. Amma sai ana juya madarar; in ka bar ta tsaye, wadda ke jikin bututun ce kaɗai take hucewa, ka taɓa tiyon fita ka ji shi da sanyi alhali tukunya na tururi.

Matsala ta fito a mako na biyu. Wata mai ɗaukar roba goma kullum ta ce, "Maman yara, yogot ɗinki kwanan nan kamar an bar cokali a ciki." Na ɗanɗana wanda ya kwana biyu a firij, gaskiyarta, akwai wani ƙarni-ƙarni na ƙarfe a bayan harshe. Jan ƙarfe ba ya shiri da kitsen madara, ɗan abin da ya narke ya isa ya sauya ɗanɗano. Kuma rannan da na yi kasala ban shanya bututun ba, na tarar da kore-kore a tsakanin naɗin. Wannan koren guba ne. Lemon tsami da gishiri suna fitar da shi, amma daga ranar raina ya fita daga tsoma shi cikin abin da mutane za su sha. Mai tunanin sa shi a zoɓo ma ta bari, tsamin zoɓo ya fi madara cin jan ƙarfe nesa ba kusa ba.

Sai na sa aka naɗo mini wani na sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Ya fi tsada, hannu ba ya lanƙwasa shi, sai mai walda. An ce jan ƙarfe ya fi shi ɗaukar zafi ninkin ba ninki, haka ne, amma da yake bututun siriri ne, 'yan mintoci ne kawai suka ƙaru.

Na jan ƙarfen bai tafi a banza ba. Ruwan tankinmu da la'asar kamar an ɗora shi a wuta yake, don haka yanzu tsohon bututun yana cikin bokiti da ƙanƙara ƙulli uku, ruwa ya bi ta cikinsa ya yi sanyi kafin ya isa na sitenles. Ba na zuba ƙanƙarar sai madara ta sauko wajen 60, domin kafin nan ruwan tanki ma yana aikin.