Yadda muke rabuwa da jarkoki da bokitan roba a Accra

Assalamu alaikum Yaya, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago baki ɗaya. Ka nemi in yi maka bayanin yadda muke yi da jarkoki da bokitan da ke taruwa mana a nan Accra, tun da kai ma sun cika maka sito a Kano, sai na ga ya dace in amsa a fili domin masu ƙananan sana'o'i irin tamu su ma su amfana.

Gidan burodinmu da ke Nima ba babba ba ne, amma duk mako sai ya bar mana jarkokin man girki ruwan ɗorawa masu cin lita 25, da fararen bokitan bota masu murfi, ban da gorunan ruwa da na lemo da ma'aikata ke sha. Nima unguwa ce mai cunkoso, kuma duk lungun da ka tara fanko a cikinsa kuɗin haya kake biya masa, don haka ba ma barin kaya su daɗe ba a san inda za su nufa ba.

Jarka mai lafiya ba ta rasa mai saye. Mutanen nan suna kiranta galan ɗin Kufuor, domin a zamanin mulkin shugaban Ghana John Kufuor, daga 2001 zuwa 2009, ƙarancin ruwan famfo ya sa kowane gida ya tanade ta, kuma har yau akwai unguwannin da famfo ba ya zuwa musu kullum. A Kano 'yan ga-ruwa ne manyan masu sayenta, su jera ta a kura su bi gida-gida. A nan kuwa matan aure da masu sayar da manja sun fi nemanta. Mai saye ba ya wasa da kuɗinsa: zai kwance murfin ya sansana, ya ɗaure shi tamau ya danna cikin jarkar da gwiwa yana sauraron ko iska za ta fita, sannan ya ɗaga gindinta ga rana yana neman tsaga. Idan murfi ya ɓata ko warin tsohon mai ya kama ta, farashi ya faɗi nan take. Shi ya sa muke wanke kowace jarka da ruwan zafi da sabulu a ranar da mai ya ƙare, mu kife ta ta tsane, mu mayar mata da murfinta. Bokitan bota sun ma fi saurin tafiya, domin masu koko da ƙosai da masu wake da shinkafa, abincin da ake ji da shi a garin nan, su ne ke riga kowa zuwa, wasu har sukan bar kafin alƙalami tun bokitin bai ƙare ba. Gorunan ruwa kuma masu zoɓo da lamurje da soyayyar gyaɗa ke kwashewa, kamar dai yadda masu kunun aya ke yi a gida.

Wahalar tana wajen waɗanda suka fashe, domin su a kan sikeli ake sayensu. Dillalai suna raba roba kashi-kashi, kuma lambar da ke cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku a gindin kaya ita ce jagora: 1 ta gorar ruwa ce, 2 ta jarka, 5 kuma mafi yawan bokitai. Ba a narka su tare, domin kowace da zafin da take narkewa, kuma idan aka gauraya su abin da za a ƙera ba zai yi ƙarko ba. Na taɓa tsayawa a wajen masu niƙa na ga yadda suke zuba ɓarzajjiyar roba a kwamin ruwa, ta jarka da ta bokiti su taso sama, ta gora ta nutse ƙasa, su tsame kowace daban su shanya kafin a ɗura a buhu a kai masana'antun garin Tema da na cikin Accra. Wanda ya kai musu kaya a ware, a wanke, kala ɗaya, ya fi samun farashi a kan wanda ya kai su a cakuɗe. Sai dai roba kaya ce mai cin wuri marar nauyi, kuma idan ka ɗauki hayar mota don jarkoki kaɗan, kuɗin motar zai cinye abin da sikeli ya ba ka. Dabarar da muke yi ita ce mu tsaga fasassun gida biyu, mu cusa wani cikin wani, mu haɗa da na maƙwabta masu gidan abinci har ya isa lodi guda, dillali ya zo da kansa ya auna, ya turo kuɗin ta waya mu raba.

Idan na auna garuruwan biyu, ina ganin Kano ta fi wajen kawo ciniki har ƙofa. 'Yan gwangwan da 'yan bola jari ba su bar lungu ba, ga masu musayar tsofaffin robobi da sababbi, ga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai a kusa. A nan ma akwai masu bi suna tsinta, musamman mata masu tara ledar fiya wata, amma mai shago ne ya fi bin dillali. Abin da ya burge ni da Accra shi ne shara kuɗi ake biya kafin a rabu da ita. Ko ka yi rajista da kamfanin kwasar shara, wanda Zoomlion ne mafi girma a cikinsu, ko ka tsayar da mai babur mai ƙafa uku da ake kira aboboya, ko ka kai babban kwandon unguwa, sai ka biya, kuma mai aboboya gwargwadon girman kayanka yake yanka maka kuɗi. Wannan ne ya koya wa ɗan kasuwa lissafi, domin duk jarkar da ya jefa a shara ya yi asara biyu, ya rasa kuɗin sayar da ita, ya kuma biya kuɗin ɗaukarta.

Akwai kuma abin da ba mu samu mai saye ba ko kaɗan, wato farin mazubin abinci mai kama da soso da baƙar leda mai maiƙo. Jihar Legas ta haramta irin wannan mazubi a Janairun 2024, kuma ina ganin ta yi daidai. Mu da ke zaune a Nima mun san inda yake ƙarewa idan aka yar: babban kwalbatin unguwarmu yana zuba ne a kogin Odaw, shi kuma ya gangara tafkin Korle ya faɗa teku. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin dalilan da suka sa ruwan ya rasa hanya. Allah Ya ji ƙansu. Saboda haka duk abin da ba ya sayuwa gara mu biya a ɗauka, kuma ba ma ƙona shi, domin hayaƙin roba illa ne ga ƙirjin yara, ga shi kuma gidajen a manne suke da juna.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi, Yaya, don girman Allah: jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko sinadarin wanke ƙasa, ko baƙin mai, kada ka bari ta fita daga hannunka da lafiyarta. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma da zarar ta shiga kasuwa ba wanda zai iya bambanta ta da ta man girki, ƙarshenta wani gida ya zuba ruwan sha a ciki. Mu a nan huda gindinta muke yi da wuƙa, mu ajiye ta daban, mu gaya wa dillali abin da ta ɗauka.

Waɗanda ke sitonka kuwa, ka sa yara su fito da su a ware masu murfi da marasa murfi, a wanke masu lafiya a nemi 'yan ga-ruwa da masu abinci tun kafin a kira mai sikeli. Kada a jibge su a kan rufi ko a tsakar gida, domin ranar Kano tana gasa roba ta bushe ta riƙa karyewa, damina kuma ta tara musu ruwa sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Ka kuma tambayi dilan da ke kawo maka mai ko zai riƙa karɓar fanko yana rage maka wani abu a kuɗin sabon lodi. A gaishe mini da Hajiya da yara.