Ɗan majalisar jiha: tsohon kansila ko sabon shiga?

Mutum biyu ne ke neman kujerar majalisar dokokin jiha. Ɗaya ya yi kansila, daga baya ya shugabanci ƙaramar hukuma. Ɗayan kuwa lauya ne ko ɗan kasuwa da bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba.

Na farkon ya san aikin tun daga tushe. Ya sha zama a kan kasafin kuɗin da bai kai ya gyara asibiti da magudanar ruwa a shekara ɗaya ba, kuma ya kalli idon mutanen da aka ce su jira baɗi. Idan aka kawo ƙudurin haraji, nan take zai hango wanda zai karɓa, da wanda zai kasa biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƙasashe masu tsarin tarayya irin su Najeriya da Amurka, dokokin jiha ne ke shata ikon ƙananan hukumomi. A Najeriya sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi haka. Raunin tsohon kansilan shi ne yakan zo da bashin siyasa, kuma idonsa ya fi tsayawa a kan mazaɓarsa.

Sabon shiga yakan fi ƙarfin halin tuhumar ɓangaren zartarwa, wataƙila ma ya fi iya tsara ƙuduri. Sai dai kafin ya gane yadda doka ke aiki a ƙasa, rabin wa'adi ya wuce.

Ni dai na farkon zan zaɓa, matuƙar na ga aikin da ya bari a baya.