Injin 13.5T mai sansa a motar short course: ya burge ni a kwana, ya ƙona min rai a tudun tsalle

Duk mai tsere da motar rimot samfurin short course (mai siffar a-kori-kurar tsere) mai ja da tayoyin baya, in har yanzu inji marar sansa mai 4,000kV (wato juyi 4,000 a minti kan kowane bolt) ne a cikinta, to gudun da yake taƙama da shi na miƙaƙƙen layi ne kawai. Wannan injin lantarki na 13.5T (adadin naɗin wayar cikinsa ke nan) mai sansa, mai gwangwani girman 540, marar burushi, shi ya tabbatar min da haka, duk da yana da wani aibi da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

A takarda shi ne rago. Ƙarfin juyinsa wajen 3,000kV ne. Batirin LiPo mai sel biyu in ya cika yana ba da bolt 8.4, ke nan juyi 25,000 da 'yan kai a minti ɗaya idan babu kaya a kansa, alhali mai 4,000kV ya haura 33,000. Amma rabin aikin fili a kwana ake yinsa. Motar short course tana da nauyi, ta kai kilo biyu, ga babban jiki, ga ja daga baya kaɗai. Inji marar sansa bai san inda maganaɗisun rota, wato sashen da ke juyi a cikinsa, yake ba sai ya fara juyi, don haka idan ka rage gudu a matsatsiyar kwana ka sake jan totur, sai ya yi in'ina, sannan ya fizga lokaci guda, bayan motar ya juya. Wannan kuwa yana da sansa uku a murfin baya da ke gaya wa ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin, matsayin rota tun motar tana tsaye. Ka taɓa kunamar rimot kaɗan, taya ta motsa kaɗan. A ƙasa mai santsi da ƙura wannan ya fi duk wani ƙarin gudu amfani, kuma birkinsa ma a hankali yake kamawa, ba ya kulle tayoyi. Gaskiya a nan ya ba ni mamaki, ban zaci bambancin zai kai haka ba.

Zafi ma bai dame shi ba, muddin an saita giya daidai. Lissafin shi ne a raba haƙoran babbar giya da na ƙaramar da ke bakin inji, a ninka da rabon akwatin giya. A akwati mai 2.6, babba mai haƙora 84 da ƙarama mai 24 suna ba da 9.1, kuma nan ne wurin farawa mai aminci. A yi gudu na minti biyar, a tsaya, a auna jikin injin da na'urar auna zafi. In bai kai digiri 60 na salshiyos ba, a ƙara haƙori ɗaya a ƙaramar giya, a sake gwadawa. Da haƙora 26, wato rabo 8.4, yana fitowa kusa da 70 bayan cikakken tsere, kuma nan ya kamata a tsaya. Maganaɗisun rota in ya dahu ba ya dawowa. Injin zai ci gaba da juyi, har ma ya yi ƙarar gudu, amma ƙarfin jan ya tafi ke nan, sai sabon rota. Taimin ɗin murfin baya, wato saitin lokacin da wuta ke shiga koyil, na bar shi a digiri 30. Duk digirin da aka ƙara yana kawo gudu, yana kuma kawo zafi, saboda haka kada a ƙara taimin da haƙori a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za a san wanne ya jawo zafin ba.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce kowa ya saya. To amma ga inda gizo ke saƙa.

Motar tana sauka daga tudun tsalle sai injin ya ɗauke na ƙiftawar ido, ya yi karkarwa, sannan ya dawo. Ba kullum ba, sai in saukar ta yi nauyi ko ta sauka a karkace. A tsere wannan ƙiftawar idon ta isa motoci biyu su wuce ka, ko na bayanka ya dake ka. Kuma abin takaicin, a kan tebur lafiyarsa lau: ka ɗaga motar ka ja totur, sumul, babu alamar komai.

Irin wannan cuta ana binta ne daki-daki. Farko wayar sansa, mai siraran wayoyi shida, domin ita ta fi saurin karyewa daga ciki, musamman kusa da filogi. An sa sabuwa, matsalar tana nan. Sai manyan wayoyi uku na A, B da C, a duba ko dalma ta tsage, a kuma tabbatar kowacce tana kan harafinta, don inji mai sansa ba ya yarda a musanya su kamar marar sansa. Lafiya. Sai filogin batir, ko yana kwance yana yanke wuta a sauka. In haka ne sitiyari ma zai ɗauke tare, shi kuwa bai ɗauke ba. Aka ɗaura wani inji a kan ESC ɗin nan, ko gezau, ke nan ESC ba shi da laifi.

Laifin yana cikin injin. Ka cire ƙaramar giya, ka kama bakin shaf da yatsu biyu, ka tura ciki ka jawo waje: yana wasa kusan milimita guda, har kana jin ƙwas-ƙwas. Abin da ya dace bai wuce 0.1 zuwa 0.2 ba, ɗan wasan da zai bar wa ƙarfe wurin buɗawa in ya yi zafi. Sansan nan suna karanta maganaɗisu ne daga ɗan tazara ƙanƙani. A motar da injin ke kwance a gicciye, sauka a karkace tana wurga rota gefe, ya yi nesa da allon sansa, siginar ta yanke, ESC ya rikice. Da na kwance shi, wasa (ɗan siririn zoben cike gurbi) ɗaya tal na tarar a gefen gaba, alhali wurin yana buƙatar ƙarin 'yan siraran wasoshi. Wannan sakaci ne daga masana'anta, ba lalacewa ba ce, domin boris biyun sababbi ne garau. Injin da aka rubuta masa na tsere, a ce babu wanda ya tura shaf ɗinsa da yatsa kafin a rufe kwali!

Gyaran ba shi da wuya, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. A yi alama a kan taimin kafin a taɓa komai. A kwance dogayen sukurori uku da ke riƙe da gwangwanin, a zare murfin gaba, a fitar da rota a hankali don maganaɗisun yana fizga da ƙarfi, yana iya gogar koyil. A ƙara siraran wasoshi masu ramin milimita 3.17 a gefen gaba, ta yadda rota zai matsa kusa da allon sansa ba tare da ya taɓa shi ba. Kada a cika a gefen baya, wannan nisanta shi zai ƙara yi. A mayar, a juya da hannu, a ji babu goga, a bar ɗan wasan nan. In aka matse gaba ɗaya boris ne zai ci wuta cikin tsere kaɗan. Tun da aka yi haka bai sake ɗaukewa ba ko sau ɗaya.

Bayan gyaran ya koma abin so, ba zan ɓoye ba. A wuraren da ake bin dokokin ROAR, ƙungiyar tseren motocin rimot ta Amurka, ajin 13.5 da na 17.5 ana yinsu ne da ESC a yanayin da ba ya ƙara taimin, wanda fitilarsa ke ƙyaftawa, kuma a irin wannan aji injin nan ba ya jin kunyar kowa a fitowa daga kwana. Sai dai a tambayi masu fili ajin da suke gudanarwa kafin a saya, kuma a duba ko samfurin yana cikin jerin da aka amince da su. Masu mota mai ja da tayoyi huɗu kuwa su bar shi. Nauyinta ya haura kilo biyu da rabi, kuma shaf ɗin 3.17 da ɗan rotan 540 ba za su ɗauka ba. Tasu hanyar ita ce gwangwani 550 mai maganaɗisu huɗu da shaf milimita 5, tsakanin 4,000 da 4,800kV a sel biyu.

Amma kwance shi da na yi ya tono min wani abin haushin. Manyan ramukan iska da aka yanka a gwangwanin suna sanyaya shi, haka ne, sai dai ɗaya yana daidai kan allon sansa, kuma allon babu wani rufi a kansa. A filin ƙasa ƙurar da ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe tana manne wa rota, ta taru baƙi ƙirin a gefen sansan. Dole a hura shi da iska bayan kowace ranar tsere, a ɗiga mai kaɗan a boris biyun. Soket ɗin wayar sansa ma ba ya kama filogi da kyau, sai an ɗaure wayar a jikin wayoyin wuta da ɗan zare na roba don kada nauyinta ya riƙa jan filogin. Kuma a kwalin babu ko zoben wasa ɗaya na ƙari, babu wayar sansa, takardar bayanin ma ba ta ambaci wasan shaf ba ko da layi ɗaya.